Tsatsa a Garin Ƙishirwa

Fijo kat-san-kat, launin madarar da ta kwana,
shekara goma sha ɗaya tana tsugune
a tsakar gidanmu na Garin Malam,
kan bulo huɗu, ƙarƙashin dogon-yaro.
Kaji sun yi ƙwai a kujerar baya,
yara sun tuƙa ta da baki har Agadas sun dawo.

Ran Lahadi na ɗaga shimfiɗar robar ƙasanta,
na danna da babban yatsa.
Yatsan ya wuce.
Na hango ƙasa ta ramin, da tururuwa tana harkarta.

Tsatsa ba ta sallama.
Daga ƙarƙashin fenti take farawa, kamar zargi a zuci,
ta kumbura shi, ta yi masa ƙuraje,
ranar da ka gani, ta riga ta ƙoshi.

Na sayo samfefa a Kasuwar Dole, mai kaushi da mai laushi,
da buroshin waya, da gwangwanin mastik
wanda ɗan kanti ya rantse bai bushe ba.
Ya bushe rabi.
Na kwanta kan buhu ina kankara,
jan gari yana zubo mini a gemu,
ina tofar da yawu mai ɗanɗanon ƙusa.
Ka goga har sai ƙarfe ya yi fari, in ji Nayusa mai walda,
in ka bar mata ko ƙwayar gero
za ta yi maka damina a ƙarƙashin sabon fenti.

Abu ɗaya ya hana ni barci:
a Damagaram, inda duwatsu ke gasa rana,
inda famfo ke tari kwana uku bai tofa ba,
ina tsatsa ta samu ruwan sha?
Ƙofofi lafiya lau. Hancin motar ko tabo.
Bayanta kaɗai ya ruɓe,
zobe biyu, kewayayyu kamar sawun tukunya.

Iya Gaptiya ce ta leƙo ta katanga,
ta dubi zoben, ta daɗe ba ta ce komai ba.
Ta ce, kai kana makaranta a Yamai lokacin.
Shekarar da rijiyoyi suka kafe,
Kanta ubanka kan fita kafin asalatu,
tano biyu a baya, ya nufi hanyar Mirriya,
ya dawo motar tana ɗiga kamar mai kuka.
Layin nan duka mun sha,
bai karɓi dala ba,
bai kuma so a faɗa.

Na zauna a ƙasa da samfefa a hannu.
Ni da na san shi da ƙidayar sukari,
mai kashe fitila tun ba a gama hira ba.

Tano ɗaya yana nan bayan ɗaki, awaki na cin dusa a ciki.
Na wanke shi, na kai wa Nayusa.
Ya yanka gefensa, ya buga ya miƙe,
ya zo da injinsa a amalanke,
muka jira wuta har la'asar.
Da ta zo, tartsatsi ya cika gidan,
yara na kallo ta tsakanin yatsu.
Abin da ya ci motar, shi ya toshe ta.

Ɗinkin bai yi kyau ba, kamar tabon kaciyar wanzami mai gaggawa.
Na shafa mastik, na goga, na sake shafawa,
na bi shi da jan fenti na kariya.
Amma zobe na biyu, ƙaramin,
na kankare shi kawai, na shafa mai,
na mayar da roba a kansa.

Injin bai tashi ba tukuna.
Batir sai ƙarshen wata.